Tabon da Ya Ƙi Bin Aska

A diddigen ƙafar dama ta wani saurayi mai wankin zinare a Bagega tabon ya fito. Baƙi ne, ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, ba ya hana taka ƙasa. Ba ma mai ƙafar ne ya fara ganinsa ba. Ana hutun azahar a inuwa, ya tuɓe silifas ya miƙe ƙafafu, sai abokin aikinsa ya ce, "Kai, mi ka taka?" Ya zaro waya ya ɗauki hoton diddigen don tsokana, wai ga wanda zinare ya fara tsirowa ta ƙafarsa. Aka yi dariya, aka koma bakin aiki. Saurayin bai kai shekara talatin ba, yana da mata da ɗiya guda, ba shi da lokacin zama kallon diddige.

Wani ma'aikacin lafiya da ya bi lamarin ne ya ba ni labarin, bisa sharaɗin a sakaya sunan mai ƙafar.

Amsar farko ita ce wadda kowa zai bayar: jini ne ya kwanta. Mutumin da ke wuni cikin tsakuwa da fasasshen dutse da ɗan silifas, ko yaushe ƙafarsa cikin bugewa take, kuma jinin da ya kwanta a ƙarƙashin kaurin fatar diddige baƙi ƙirin yake zama. Sai dai irin wannan jini yana da wa'adi. Fata tana sabunta kanta daga ƙasa zuwa sama, saboda haka cikin 'yan makonni busasshen jinin yakan tasowa sama ya ɓare. Damina ta wuce, aka yi kaka, tabo yana nan inda aka bar shi.

Sai aka ce ƙaya ce ta karye a ciki. Ya tafi wurin wanzamin unguwarsu, dattijon da ya yi masa kaciya tun yana yaro. Wanzami ya ɗora ƙafar a kan gwiwarsa, ya jiƙa wurin, ya shiga feƙe kantar da aska a hankali, siriri-siriri, yana karkata ƙafar wajen haske bayan kowace feƙa. Farar busasshiyar fata tana zuba a kan zanensa, amma ko ɗigon baƙi bai biyo aska ba. Da ya kusa taɓo nama sai ya ajiye askar ya ce, "Yaro, wanga abu ba ƙaya ba ne, ba kuwa jini ba. Daga ciki yake. Ni dai ba ni ƙara taɓa shi."

Dattijon bai sani ba, amma gwajin da likitocin fata ke yi ke nan: a kankare saman wurin, in jini ne ya bi ƙarfe ya tafi, in launi ne na cikin fata ya tsaya. A ganina, cikin duk waɗanda suka sa hannu a lamarin nan, ajiye askar da ya yi na cikin abubuwa mafi amfani da aka yi wa saurayin. Da ya ci gaba da tono, da ya rikita wurin.

Daga nan zance ya koma inda kowane zancen ciwo ke komawa a Bagega, wato dalma. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, MSF, da ke zagayen sa ido kan sanƙarau suka sami labarin yara ƙanana suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Yaro ya yi amai, ya shiga jijjiga, ya suma, ya cika. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na sanƙarau, ba sauƙi. Sai da aka lura cewa a cikin gidaje ake daka da niƙa dutsen zinare, aka aika jini Turai aka auna, sannan gaskiya ta fito: dutsen cike yake da dalma, ƙurarsa yaran ke shaƙa, ita suke kai wa baki. Ƙaramar na'urar awon da aka kawo daga baya iyakarta maikirogiram 65, jinin yara da yawa ya wuce abin da za ta iya karantawa. Yara sama da 400 suka rasu. Bagega ce ta fi daɗewa tana jira a kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa, sai a 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun tada ƙura a intanet, gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin, MSF ta fara ba yaran garin magani. Saurayin namu yana ɗan makaranta aka yi wannan, ya ga ana kankare ƙasar tsakar gidansu ana zuba sabuwa.

Saboda haka da aka auna jininsa aka ga dalma ta ɗan haura, kamar yadda ake samu ga masu irin sana'arsa, sai gida ya ce ai ga amsa nan. Wannan sakamako gaskiya ne, amma shi ya fi komai ɓata lokaci, domin kowa ya saki jiki. Ma'aikacin lafiyar ne kaɗai bai gamsu ba. Ya san yadda dalma ke cin babban mutum: murɗar ciki, taurin bayan gida, ƙarancin jini, hawan jini, raunin tsintsiyar hannu, wani lokaci shuɗin layi a dasashi. Baƙin tabo guda a diddige ba ya cikin lissafinta. Zaibar da ake kama zinare da ita, a ƙona, ita kuma jijiya da ƙoda take taɓawa, ta kawo rawar hannu da ciwon dasashi.

Akwai dai guba ɗaya da ta cancanci a tsaya a kanta. Masana ma'adinai na gwamnatin Amurka da suka auna dutsen Zamfara sun ba da rahoto a 2013 cewa ban da dalma akwai asenik a ciki. Ita kuwa asenik tana kawo sankarar fata, an ga haka ƙarara a Bangaladash, inda miliyoyin mutane suka yi shekaru suna shan ruwan rijiyoyin burtsatse masu ɗauke da ita. Amma tana da sawunta. Tana fesa ƙananan tabbai masu yawa a ƙirji da baya, ta fito da ƙulli-ƙulli masu tauri a tafin hannu da tafin ƙafa, hagu da dama. Aka sa saurayi ya tuɓe riga, aka duba bayansa, aka shafa tafukan hannunsa. Ban da kantar sana'a babu komai. Gubar da ke yawo cikin jini ba ta zaɓar diddige guda ta bar sauran jiki.

Mahaifiyarsa tana da nata bayanin. Ta ce ɗanta ya taka abu ne, domin tun da ya fara samu a harkar zinare idanu suka yi yawa a kansa. Aka yi rubutu ya sha, aka yi tofi. Babu laifi a addu'a, kuma ma'aikacin lafiyar bai yi musu da ita ba. Abin da ya roƙe ta guda ne: "Inna, a ci gaba da addu'a, amma don Allah kada a ɗaura masa maganin da ke cin nama." Yana da dalili. Akwai masu haɗa garin da ke ƙona fata, a ɗaura a kan tabo, bayan kwanaki wurin ya ɓanɓare a ce an cire ciwo. Sama ce ke tafiya, tushen yana nan, ga shi kuma an lalata abin da likita zai duba ya gane.

Zaton ciwon suga kuwa bai ɗauki lokaci ba, ɗigon jini guda ya kore shi.

Saura gyambo. Wannan zato ne mai ƙarfi, don a ƙasar Hausa sankarar fata ta tsohon miki sananniya ce ga likitocin tiyata. Wani likita Bafaranshe, Jean-Nicolas Marjolin, ya bayyana irin wannan miki a 1828, har yau da sunansa ake kiransa. Mutum ya ƙone da wuta yana yaro, ko maciji ya sare shi, ko dutse ya faɗo masa a ƙwauri, wurin ya warke ya bar tabo ko ya zama gyambo. Bayan shekara goma, ashirin, talatin, sai tabon ya fashe, bakinsa ya yi tudu yana lanƙwasowa waje, yana wari, yana jini da ɗan taɓi. Masu shiga rami da ke yawan jin ciwo a ƙafa ya kamata su riƙe wannan. Amma an tambayi saurayi, an tambayi mahaifiyarsa, diddigen nan bai taɓa ƙonewa ba, bai taɓa miki ba. Fatar ma lafiyarta lau, launi ne kawai ya sauya.

Hoton tsokanar nan ne ya buɗe hanya. Ma'aikacin lafiyar ya tambaya ko tabon ya ƙaru, saurayi ya ce shi dai yana ganin haka yake, matarsa ta ce ya ƙaru. Aka tuna da abokin, aka same shi, Allah ya sa bai goge hoton ba. Da aka ajiye wayar kusa da ƙafar, gardama ta ƙare. A hoto ɗigo ne zagayayye, baƙi ɗaya. A ƙafa ya bazu gefe guda, bakinsa ya yi shiga-da-fita, launin ya rabu, nan baƙi, nan ruwan ƙasa, can toka-toka. Aka sa abin awo, faɗinsa ya haura milimita 10.

Waɗannan su ne alamomin da likitocin Jami'ar New York suka tsara a 1985 domin mutanen gari su iya gane tabo mai hatsari: ɓangarorinsa biyu ba su yi kama ba, bakinsa ba a daidaice yake ba, launinsa ya fi ɗaya, faɗinsa ya wuce milimita 6. A 2004 aka ƙara ta biyar, wadda ta fi sauran nauyi, wato yana sauyawa. Tawadar Allah da mutum ya taso da ita tun ƙuruciya ba ta yawo.

A babban asibitin da aka tura shi, bayan tafiyar Bagega zuwa Anka da kowa ya san ba a yin ta da kwanciyar hankali a shekarun nan, likita ya yi wani ɗan gwaji mai ban sha'awa. Fatar tafin ƙafa tana da zane irin na gonar da aka yi wa huɗa, ga kunya ga kwari. Ya shafa tawadar alƙalami a gefen tabon ya goge, tawadar ta maƙale cikin kwarurrukan, sannan ya ɗora gilashin ƙara girma. Tawadar Allah marar illa a tafin ƙafa yawanci cikin kwari launinta ke bi. Na saurayin a kan kunya ya hau. Likitocin Japan ne suka gano wannan bambanci, kuma shawararsu ita ce duk sabon tabon tafin ƙafa da ya wuce milimita 7 a bincike shi.

Abu guda ya sa likitan ya ɗan yi jim: shekaru. Ciwon da yake zato ya fi kama waɗanda suka haura hamsin. Amma ya fi kamawa ba yana nufin ya tsaya a kansu ba ne. Bob Marley, wanda hotonsa ke manne a jikin babura da shagunan caji har ƙauyukanmu, yana da shekara 32 a 1977 aka ga baƙi a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa ta dama. An ɗauka rauni ne na ƙwallo. Da aka gane sankara ce, likitoci suka ce a yanke yatsan, ya ƙi saboda aƙidarsa, aka cire farcen da naman ƙarƙashinsa kawai. A watan Satumba na 1980 ya yanke jiki ya faɗi yana gudun motsa jiki a New York, ciwon ya riga ya kai huhu da ƙwaƙwalwa. Ya rasu a Miami ranar 11 ga Mayu, 1981, yana da shekara 36.

Da aka ce sai an yanki naman wurin an kai ɗakin bincike, gida ya sake tashi. Kawunsa ya ce, "Likita, in daji ne, ai daji ba ya son ƙarfe. Ana taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya haukace." Wannan magana ta kai mutane da yawa kabari, kuma ba wuya a gane inda ta samo asali. Mutum ba ya zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsa, ya riga ya bazu a ɓoye. A yi aiki, bayan wata uku ya rasu, sai a ce wuƙa ce. Wuƙar ta makara ne. Likitan ya tattaɓa matsematsin saurayin yana neman kaluluwa, bai ji komai ba, ya ce wa kawun, "Baba, yanzu ne wuƙa ke da amfani."

Sakamakon ya fito bayan 'yan makonni: melanoma, sankarar ƙwayoyin da ke ba fata launi, irin wadda ke fitowa a tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce. A takardar, lamba guda likitan ya fara nema. Tun 1970 wani likita a Amurka, Alexander Breslow, ya nuna cewa zurfin da ciwon ya nutsa cikin fata shi ne ke faɗin makomar majinyaci, ba faɗinsa ba. Na saurayin bai kai milimita 2 ba. Irin wannan sankara takan daɗe tana shimfiɗuwa a sama kafin ta juya ƙasa, kuma wannan tsakani shi ne duk damar da mutum yake da ita. A ƙididdigar Amurka, in an kama melanoma tun tana wuri guda, fiye da 95 cikin 100 na majinyata suna raye bayan shekara biyar. In ta kai gaɓoɓi masu nisa, kamar kashi ɗaya cikin uku ne. Aka yanke tabon tare da lafiyayyar fatar da ke kewaye da shi, aka ɗebo fata daga cinya aka rufe. Yana ɗan ɗingishi in ya daɗe a tsaye, yana komawa asibiti a duba masa matsematsi.

An san sunan ciwo, amma tambayar abokinsa tana nan, kuma tambaya ce ta mai hankali. Ya ce ya ji a rediyo rana ke kawo sankarar fata. To ga mutum yana wuni a ranar Zamfara ba riga, me ya sa ciwon ya bar baya da kafaɗu ya je wurin da rana ba ta taɓa gani ba?

Amsar tana da rassa biyu. Baƙin launin fatarmu kariya ce ta gaske. Shi ya sa a Amurka melanoma ke kama baƙar fata kusan 1 cikin 100,000 a shekara, farar fata kuwa sama da 20, kuma Ostireliya mai yawan Turawa da zafin rana ita ke kan gaba a duniya. Amma ta tafin ƙafa ba ruwanta da rana, kuma kusan daidai take kama kowane jinsi, kamar mutum 2 cikin miliyan a shekara a ƙididdigar Amurka. Ga Bature 'yar kaɗan ce cikin masu yawa. Gare mu, da launi ya tare sauran, ita ce ta rage a fili. Binciken da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka wallafa a 2004 ya nuna melanoma ce ta biyu cikin sankarar fata da suka gani, kuma mafi yawan ciwukan a ƙafa suke. Reshe na biyu daga Jami'ar Shinshu ta Japan ya zo a 2016. Sun zana taswirar inda ciwon ya fito a ƙafafun majinyata sama da ɗari, suka ga ya taru a diddige da gaban tafi, inda nauyin jiki ke sauka, ya yi ƙaranci a lanƙwasar tsakiya da ba ta taɓa ƙasa. Ga alama gurza da danna na shekaru suna da hannu.

Inda rana ke da laifi kai tsaye shi ne wajen zabiya, waɗanda ba su da wannan kariya. Su a fuska, kunne, leɓe, wuya da bayan hannu wata irin sankarar fata ke fitowa, tun suna samari, yakan fara da ɗan ɓawo mai kaushi da ke ɓarewa ya dawo. Likitocin Zariya sun rubuta a kan haka tun 1993. Zabiyan da aka tura gona ko kiwo ba malafa ba doguwar riga, an cuce shi.

Abin da ya fi tsaya mini a labarin nan shi ne, saurayin yana salla. Sau biyar a rana hannunsa na bin diddigen nan, yana tsefe tsakanin yatsu, wata da watanni, amma sai da wani ya gaya masa. Muna wanke ƙafa, ba ma kallonta. Ƙasidun duba fata da ake bugawa a Turai suna maganar dogon madubi da ɗaki mai haske. Mu alwala ta riga ta kawo mana ƙafar hannu, abin da ya rage a juya tafin a duba, ko da sau ɗaya a wata, da hasken rana: diddige, gefen ƙafa, tsakanin yatsu, kowane farce. A farce, abin lura shi ne baƙin layi a yatsa guda da ke ƙara faɗi ko ya malalo kan fatar gefe. Jinin bugewa yana tafiya gaba tare da tsiron farce, wannan ba ya tafiya. Mata su duba kafin a ɗaura lalle, don in ya kama sai an yi makonni ba a ga abin da ke ƙasa ba. Baya da ƙeya, miji ya duba wa mata, mata ta duba wa miji. Wanda ya ga wani abu ya ajiye katin waya kusa da shi ya ɗauki hoto, bayan wata guda ya sake ɗauka.

Tun da kuma ciwon ya fi son manya, saurayin da ya koyi dubawa kada ya tsaya a ƙafarsa. Tsoho mai ciwon gwiwa da raunin gani ba zai iya juyo tafinsa ya gani ba, kaushi da faso kuma suna rufe abubuwa da yawa. Ka karɓi butar ka zuba masa ruwa, ka duba.

Tabon da ke girma, ko mikin da ya yi wata guda bai nuna alamar warkewa ba, ko tsohon tabon ƙuna da ya fashe, kada a kai shi kyamis a ƙona, kada a bari a tone shi a gida. A je Babban Asibitin Anka ko na Gummi ko na Bukkuyum a nemi takardar turawa zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a kuma faɗa wa likita baki da baki cewa ana so a ɗebi naman a auna.